Gaisuwar Rediyo a Hanyar Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram mutanen majalisarmu ta Tarauni suke damuna da tambaya. Wani ya ce yaya jandarma, wani ya ce wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu, wani kuwa labarin kilishi kawai ya dame shi. Ni kuma sai in tsinto musu abin dariya in ba su, in haɗiye sauran. Yanzu da Kawu Sule ya riga mu gidan gaskiya babu wanda labarin zai kunyata sai ni, don haka ga shi nan gaba ɗayansa.

Kawu Sule wan mahaifiyata ne, tela ne a Gyaɗi-Gyaɗi. Suna da yaya, Inna Binta, wadda aure ya kai Damagaram tun ba a haife ni ba. Da Kawu ya daɗe bai samu haihuwa ba, sai ta ba shi riƙon 'yarta Hadiza. Yarinyar tana shekara tara sanƙarau ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Kawu ya yi mata sutura, sannan ya kasa zuwa ya dubi idon yayarsa. Wasiƙa ya rubuta ya ba wani direban babbar mota ya kai. Inna Binta ba ta ba da amsa ba, shi kuma bai je ba, har shekara ashirin da shida.

Rannan ɗanta Mamman ya kira ni ya ce idanun tsohuwa sun tafi, ƙafa ma ta fara ƙi. Na ce zan kawo Kawu. Ya ce, "Ku zo dai. Amma ban gaya mata ba tukuna, don ban san abin da za ta ce ba." Da na je shagon Kawu, rabin farko na maganar kawai na ba shi.

Mota kuwa ta Malam Yohanna ce, tsohon malamin makaranta, mutumin Kudancin Kaduna, wanda gidansa ke bayan shagona na gyaran rediyon mota. Kawu ne telansa shekara da shekaru. Da ya ji zancen tafiyar ya ce shi zai tuƙa, ya daɗe yana koya wa yara taswirar Nijar bai taɓa taka ta ba. Motar ta tsufa amma tana da zuciya. Wurin kaset ɗinta ya haɗiye wani kaset tun zamanin soja ya ƙi amayowa, rediyon ne kawai ke aiki.

A lokacin ina ji da wata sabuwar waya da na saya, mai 'yar ƙaramar tashar FM a cikinta. Yadda take, sai ka nemo lambar da babu kowa a kanta, inda rediyo ke shuuu kawai, ka saita wayar a kan wannan lamba, ka murɗa rediyon motar zuwa can. Shi ke nan, duk abin da ka kunna a waya sai ya fito ta lasifikar mota, ba igiya ba komai. Ba ta kaiwa nesa, taku kaɗan ne. A cikin Kano da wuya ka samu lambar da wata tasha ba ta kutso maka ba, amma muna wuce Ɗambatta fili ya samu. Ina kujerar baya, waya a cinya, na sa wa Kawu karatun Alƙur'ani har rana ta ɗaga, sannan na saki waƙoƙi.

Kawu mutumin rediyo ne. A shagonsa akwatin a rataye yake kusa da keken ɗinki, kuma a wurinsa abin da rediyo ya faɗa ya zauna. Can ya ce, "Habibu, wannan wace tasha ce? Tun safe ba labarai, ba sanarwar ɗaurin aure, ba ta rasuwa."

Na ce, "Sabuwa ce, Kawu."

Ya ce, "Lallai ma'aikatanta sun huta."

Malam Yohanna ya yi dariya har motar ta karkace. Ni ma na yi, na kuma bar shi a haka, don ina jin daɗin a ce na san abin da babba bai sani ba. Halina ne tun ina yaro.

A gidan mai na Kazaure wata motar haya ta tsaya dab da mu, direbanta yana laluben tasha sai ya faɗo kan tawa. Na ga yana kaɗa kai, sai na dakatar da waƙar. Ya kai wa rediyon mari, na sake ta. Ya gyara zama, na sake dakatarwa. Sau huɗu na sa bawan Allah ya mari rediyonsa, muka bar shi yana gaya wa fasinja cewa sai an dake shi yake aiki.

Bayan Kazaure ne Kawu ya ce a rage murya. Ya fara magana yana kallon titi, kamar mai tilawa. Ya ce in ya shiga ba zai zauna a tabarma ba, a ƙasa zai durƙusa ya cire hula. Zai ce, "Yaya, kin ba ni amana ta mutu a hannuna, kuma ban zo ba. Na ce sai an yi bakwai, na ce sai arba'in, har kunya ta yi mini katanga. Ki yafe mini." Sannan zai gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: ranar da Hadiza za ta cika, da ta ɗan farfaɗo, ta tambaye shi ko motar Damagaram ta tashi, tana so ta je ta nuna wa innarta kitson da aka yi mata. Ya maimaita maganar nan sau uku kafin mu shiga Daura, yana gyara kalma a nan, yana sauya wata a can. Ko fura da muka tsaya sha, kurɓa biyu ya yi ya ajiye ludayi.

Mun isa iyaka a Kongolam kafin azahar. Ɓangarenmu dai kun san shi, gaisuwa da dariya da "ina tsarabarmu in kun dawo". Da muka tsallaka sai wani jandarma siriri ya karɓi takardun motar, ya gaishe mu da Hausa tsantsa har da tambayar iyali, sannan ya sunkuya yana rubutu da Faransanci. Malam Yohanna ya zuba masa Turancin makaranta, mutumin ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce, "Malam, yi mini Hausa." Daga nan aka ce mai buga hatimi ya tashi hutun rana, sai ƙarfe uku. Na yi tsaki, don a gida in aka ce maka ƙarfe uku, ka nemi wurin kwana. Abin mamaki, uku na cika sai ga shi a kan babur.

Wannan jiran ne ya karya Kawu. Yana zaune a gindin wata bishiya sai ya kira mu ya ce, "Ni fa zan koma."

Malam Yohanna ya ce, "Haba Baba, bayan mun zo nan?"

"In ta ce in fita mata daga gida fa? A gaban jikokinta? Ku bar ni in mutu da zaton ko da na je da ta yafe. Ya fi mini sauƙi."

Malam Yohanna ya yi lallashi, na yi nawa, Kawu ya ce shi ko motar haya ce zai hau ya koma Daura. Da ƙyar ya yarda ya yi sallah tukuna.

Yana alwala na hango wani mai tallar maganin gargajiya da lasifika a kafaɗa. Muryarsa sumul, irin ta masu gabatar da shiri, ga harshen mutanen can. Nan take dabarar ta zo mini, kuma wallahi a lokacin gani nake babu mai wayona a ƙasashen biyu. Na ja shi bayan wata babbar mota na gaya masa abin da zai faɗa in ɗauka a waya. Ya ce ai wannan aikin lada ne. Ɗaukar farko jaki ya yi kuka a ciki, ta biyu shi da kansa ya fashe da dariya, ta uku ta fito tas. Na jera ta a waya tsakanin waƙa da waƙa.

Da aka buga hatimi na ce wa Kawu, tunda mun riga mun sha wahalar takarda, mu ƙarasa Matamai mu ci abinci, in ya so mu juyo. Ya shiga mota ba don ransa ya so ba. Mun yi 'yar tafiya, waƙa ta ƙare, sai murya ta cika motar:

"Masu saurare, ga gaisuwa daga unguwar Birni a Damagaram. Hajiya Binta tana gaida ƙaninta Malam Sule tela na Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, wanda ke bisa hanya yanzu haka. Ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta ce abin da ya wuce ya wuce."

Waƙa ta ci gaba. Kawu bai motsa ba. Can ya ce, "Malam, tsaya." Ya fita ya shiga wata gona, ya ba mu baya, muna ganin kafaɗunsa suna rawa. Malam Yohanna bai juyo ba, ta madubi ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ni kuwa har da ɗaga masa gira.

Da Kawu ya dawo ya ce, "Mamman ya gaya mata ke nan. Kuma a rediyo ta faɗa, duk ƙasar nan sun ji." Ya share fuska da hula ya ce, "Mu je. Amma kada wanda ya tayar da zancen a gaban Mamman, wannan tsakanina da Yaya ne."

Daga nan Kawu ya zama wani mutum. A Matamai ya cinye kwanon dambu ya nemi ƙari. Ya sayi dogon burodin nan ya riƙe kamar sanda yana cewa ko kare ya biyo mu mun tsira. Duk wanda muka tambaya hanya sai Kawu ya tsaya jan sa da hira.

Mun shiga Damagaram da la'asar sakaliya, Mamman ya sauke mu a gidansa da ke Zango. Abin da na fara lura da shi ruwa ne. Buta ɗaya aka ba mu mu biyu, na ga yadda suke alwala da abin da ni a Kano bai ishe ni wanke hannu ba, na ji kunya. Shayinsu kuma ba a sha a tashi. Zagaye uku ne a 'yan ƙananan kofuna, na farko ɗaci kamar magani, kuma in ka miƙe kafin na uku ka yi rashin ladabi. Asibiti su likita suke ce masa, makaranta lakwal. Mu kuma suna ce mana mutanen Najeriya masu gaggawa, ko gaisuwa ba ma bari ta nuna. Mamman ya je Birni ya dawo ya ce ya gaya wa tsohuwa mun iso, ta ce mu zo da hantsi. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Yaya ke nan."

Bayan magariba Malam Yohanna ya ja ni ƙofar gida. Ya ce, "Habibu, ka gaya masa."

Na ce, "Malam, ba ga shi dabarar ta kawo shi ba? Da yanzu yana Daura."

"Ta kawo shi. Amma tun da muka bar gonar nan ka ƙara jin ya maimaita maganar da zai faɗa mata?"

Ban ji ba, kuma sai da ya faɗa na lura. Duk da haka na ce in sun haɗu komai zai daidaita, jini ai ba wasa ba ne. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na kasa tunanin yadda zan dubi mutumin da ya yi kuka a gonar mutane in ce masa mai tallar magani ne ya sa shi.

Da hantsi Mamman ya raka mu ƙofar gidan ya wuce kasuwa, Malam Yohanna ya zauna a zaure. Muka tarar da Inna Binta a kan tabarma, ta sha sabon zane, ta sallami jikoki duka, tsakar gidan tsit. Ko makaho ya shigo ya san an shirya wa magana wuri.

Kawu ya rangaɗa sallama kamar wanda ya dawo daga kasuwa jiya. Ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, hularsa a kai. Ya ce, "Yaya, ashe haka kika tsufa kika bar ni?" Ya tura mata atamfa da turare, ya shiga ba ta labarin hanya, da jandarma, da burodi. Tana amsawa da "to" da "madalla", fuskarta tana fuskantar inda muryarsa take. Can ya sassauta murya ya ce, "Na ji saƙonki. Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Wane saƙo?"

"Na rediyo mana."

"Ni ban aiki kowa gidan rediyo ba."

Na ce a raina yau asirina ya tonu. Da ma ya tonu ɗin. Sai Kawu ya yi dariya ya juyo gare ni ya ce, "Ka ji ta ko? Haka take tun muna yara. Ta ajiye maka ƙosai a ƙarƙashin kwano, in ka yi godiya ta ce ba ita ba ce." A wurinsa kunya ce irin ta manya, kuma shi mai ladabi ba zai matsa mata ba. Ita kuma, ina jin, ta ɗauka wani shirmen tsufa ne, ta bar zancen.

Can ta gyara mayafi ta ce, "Sule, ba ka da wata magana?"

Ya ce, "Ai magana ta ƙare, Yaya. Abin da ya wuce ya wuce."

Kalmomina ne, ni na sa su a bakin mai magani. Shi yana mayar mata da alherinta ne. Ita kuwa abin da ta ji shi ne, ƙaninta ya zo bayan shekara ashirin da shida, ya zauna da hula a kai, ya yafe wa kansa mutuwar 'yarta. Na ga hannunta ya damƙe gefen tabarma, sannan ya saki.

Ta ce, "Haka ne? To."

Ta sa aka kawo fura. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kore shi ba, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake tambayar baƙo. Da aka kira azahar Kawu ya tashi zuwa masallaci, na yunƙura zan bi shi sai ta ce, "Ɗan Amina, tsaya." Amina sunan mahaifiyata ne. Ta laluba ta kama hannuna, ta ce muryata irin ta uwata ce. Sannan ta ce, "Kai da kake tare da shi, yana ambaton Hadiza kuwa?"

Na ce, "Yana yi, Inna."

"To me ya hana shi yi a gabana? Jiya ban runtsa ba. Na ce in ya buɗe baki ya ce in yafe, ba zan bari ya ƙarasa ba. Ni ba wani abu nake nema ba, so nake in ji yadda ta cika. Ko ta sha wuya, ko ta kira ni."

Amsar tana bakina, har da kitson. Amma in na faɗa, sai ta tambayi dalilin da ya sa shi bai faɗa ba, daga nan kuma sai na kwance komai, tun daga bayan babbar mota. Na ce, "Ban sani ba, Inna. Lokacin ina ƙarami."

Ta saki hannuna ta ce, "Haka ne. Je ka yi sallah."

Washegari muka juyo. Na kashe wayar na jefa a jaka, da Kawu ya nemi a kamo masa tashar nan mai albarka na ce ba ta kamuwa. Ya sayi kilishi na rabo, ya yi barcinsa daga Daura har Ɗambatta. Muka sauke Kawu a Gyaɗi-Gyaɗi muka iso Tarauni, Malam Yohanna ya tsaya. Ya kashe mota ya ce, "Har yanzu da sauran dama. Ka gaya wa Baba, a kira Mamman ya kara mata waya a kunne. Minti biyar ya isa."

Na ce gobe in Allah ya kai mu. Goben ta yi na ce bari ya huce gajiya. Sau biyu ina zuwa shagonsa da niyya, in tarar yana ba abokan ciniki labarin gaisuwar rediyo, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka, sai in gaishe shi in wuce. Sati bakwai da dawowarmu Mamman ya kira da safe ya ce tsohuwa ta cika.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Kawu, mutanen unguwa suka taru karɓar gaisuwa. Malam Yohanna ya zo ya zauna a gefe, ni ina kusa da Kawu. Wani dattijo ya ce ai an gode Allah da ya sa suka gana kafin ta tafi. Kawu ya ce, "Wallahi kuwa. Da ban je ba da yanzu ban san inda zan sa kaina ba. Amma mun rabu lafiya, ba komai a ranta. Ban ma roƙa ba ta yafe mini, a rediyo, duniya tana ji." Ya dafa gwiwata ya ce, "Ga Habibu nan, da kunnensa ya ji. Ko ba haka aka yi ba?"

Malam Yohanna ya sunkuyar da kai. Mutane suna jirana.

Na ce, "Haka aka yi, Kawu."